Abin Da Muka Gano A Jirgin Ruwan Bahar Maliya

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Jabi, a madadin 'yan'uwan da suka yi tafiyar)



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, shugabannin mata da na matasa, 'yan'uwa mazauna Jabi da Ɗaki Biyu da Utako da kewaye, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gode wa shugabanni da suka ba mu wannan dama.

Tun da muka dawo ba mu huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare mu, a tasha a tare mu, mata kuma har gida ake bin su. Wani ya ce shin da gaske ne akwai kasuwa a cikin jirgin? Wani ya ce ba ku ji tsoro ba? Wani kuma ya tambaya a hankali, wai kuɗin wa aka kashe? Saboda haka aka ga ya fi kyau a tara kowa wuri guda a yi bayani sau ɗaya. Bari mu fara da tambayar ƙarshe, domin ita ta fi cin rai. Mu 9 ne, maza 6 mata 3, kowa da guminsa ya tafi, ko kwabo ba a taɓa a asusun ƙungiya ba, ma'aji yana nan zaune. Umra ce ta kai mu. Bayan mun kammala, sai ɗan wani daga cikinmu da ke aiki a Jidda ya shirya mana 'yan kwanaki a cikin jirgin ruwa na yawon buɗe ido.

Irin wannan jirgi ba na fito ba ne. Inda ya ɗauke ka nan zai dawo da kai, cikinsa za ka ci, ka sha, ka kwana, yana bi da kai gari-gari. A Jidda abin bai daɗe ba. A 2021 ne wani babban jirgi mai suna MSC Bellissima ya fara ɗaukar masu yawo daga can, sa'an nan a Disamba 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata mai suna Aroya, mai tsawon mita 335, wanda ke ɗaukar fasinja fiye da 3,000. Wanda muka shiga ɗan wannan aji ne. Ku ƙaddara filin ƙwallo uku an jera su a tsaye, sa'an nan an ɗora musu bene fiye da goma. Da muka tsaya a gindinsa, wani dattijonmu ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya ce, "Yaran nan, wannan ai unguwa ce aka sa wa inji."

Amsar mai tambayar kasuwa ita ce, e, akwai. Akwai kantuna, da ɗakunan cin abinci iri-iri, da ɗakin shan magani da likita, da wurin wasan yara, da wurin wanka, da na'urar hawa bene. Ruwan da muke sha da wanda muke alwala da shi daga tekun ake jawo shi, injuna su cire gishirin. Abinci kuwa dare da rana ba ya yankewa, sai dai babu tuwo babu miyar kuka. Allah ya saka wa Hajiyarmu da ta yi dabarar ƙunso yaji da dakakken ƙuli a jaka, don kuwa daga kwana na biyu kowa teburinta yake nema. Gudun jirgin bai kai kilomita 40 a awa ba, watau ɗan acaɓa ma zai wuce shi, amma ba ya tsayawa shan mai, ba shingen hanya, ba rami. Ranar da iska ta taso, biyu daga cikinmu sun sha jiri da tashin zuciya, sauran kuwa ba su ma san an yi ba, domin akwai wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage masa tangaɗi. Wajen salla, abin da ya fi ba mu aiki shi ne alƙibla. Muna tafiya arewa tana bayan jirgi, muna dawowa ta koma gabansa, saboda haka kowane lokaci sai an sake dubawa.

Mun yada zango a Aƙaba, wadda ita kaɗai ce tashar jiragen ruwan ƙasar Jodan. Daga saman jirgi a nan mutum yana hango ƙasar Masar da ta Isra'ila a tsallake. Mun kuma tsaya a Sharm el-Sheikh ta Masar, inda aka sa mu a wani ƙaramin jirgi mai gindin gilashi, muka ga murjani da kifaye masu launin da ko a atamfa ba mu taɓa gani ba. Lalle gani ya kori ji.

Akwai wani abu kuma da ya sanyaya mana jiki. Wannan teku da muka kwana a kansa kan katifa mai laushi, shi ne dai wanda kakanninmu suka ƙetare zuwa aikin hajji. Su da ƙafa da jaki suke tashi daga Kano ko Sakkwato, su bi ta Barno, su ratsa Cadi, su shiga Sudan ta Janaina, su wuce Fashir da Ubayyid, suna tsayawa suna noma ko ƙodago don neman guzuri. Wani sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya isa Sawakin a bakin teku. Daga nan a loda su a jirgi, su ƙetare wajen kilomita 300 zuwa Jidda. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau, a garuruwa irin su Mai Wurno, wanda ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Masu hali ƙalilan ne suka bi ta Ikko, kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko wanda ya tafi Makka ta hanyar Ingila a 1921. Duk wanda ya tuna wannan, ba zai zauna cikin irin jirgin da muka shiga ya yi alfahari ba, sai dai godiya.

To, jama'a, duk wannan labari ne na jin daɗin baki. Abin da ya sa muka roƙi a ba mu lokaci a taron nan wani abu ne dabam, wanda ya faru tun kafin a kwance igiyar jirgin a Jidda.

Da shigarmu aka ba kowa kati mai sunansa da lambar ɗakinsa, da wani harafi babba. Wannan harafi shi ne wurin da za ka tsaya in hatsari ya auku. Kafin jirgi ya motsa sai aka dakatar da komai, aka ce kowa ya je wurin harafinsa. Aka duba katin kowa ɗaya bayan ɗaya. Aka nuna mana rigar kariya, watau rigar nan mai kumfa da ke hana mutum nutsewa, yadda ake sa ta, yadda ake ɗaure igiyarta tamau, da usur da 'yar fitilar da ke jikinta don a gano mutum da dare. Akwai ta manya, akwai ta yara, har da ta jarirai. Aka busa mana jiniyar hatsari don kunnenmu ya san ta: gajeru 7, doguwa 1. Aka nuna mana jiragen ceto da ke rataye a gefe, kowane ɗaya zai ɗauki mutum 150 ko fiye. Wani babanmu gajiyar Umra ta sa barci ya kwashe shi a ɗaki. Cikin mutane dubbai, sai da aka gane mutum ɗaya bai zo ba, aka bi shi har ɗaki da ladabi aka taso shi. Haka kuma duk garin da muka sauka, sai an duba kati wajen fita, an duba wajen dawowa. A kowane lokaci kyaftin ya san rai nawa ke hannunsa. Ko ɗan jirgin gilashin nan na Sharm el-Sheikh, da adadin da aka rubuta masa ya cika, sai aka tare ƙofa, saura suka jira na gaba.

Kada wani ya ce ai su Turawa da Larabawa haka Allah ya yi su da tsari. Ba haka ba ne. Kowace doka a cikin waɗannan da rayukan mutane aka saye ta. A ƙarni na 19 'yan kasuwar Ingila suna yi wa jirage lodin da ya wuce kima, suna nutsewa da ma'aikata, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya kai da fata, aka yi doka a 1876 cewa a zana layi a jikin jirgi. In ruwa ya rufe layin nan, lodi ya yi yawa ke nan. Har gobe layin yana jikin kowane babban jirgi, mun gan shi da idonmu. A 1912 jirgin Titanic ya nutse da mutum wajen 1,500, saboda abin da jiragen cetonsa za su iya ɗauka bai wuce rabin mutanen da ke ciki da wani abin kirki ba. Bayan shekara 2, a 1914, ƙasashe suka zauna suka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku. A Janairu 2012 jirgin yawo mai suna Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu. Bincike ya nuna ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu wurin tsayawarsu ba, domin dokar lokacin ta yarda a jinkirta har awa 24. Sai aka gyara dokar, aka ce a yi kafin tashi ko da tashi nan take, kyaftin ɗin kuma aka ɗaure shi shekara 16. Wannan gyara ne ya tashi babanmu daga barci a Jidda.

Shi kansa Bahar Maliya ya ci mutane inda aka yi sakaci. A Disamba 1991 jirgin Salem Express da ya taso daga Jidda ya daki dutsen ƙarƙashin ruwa kusa da Safaga ta Masar, aƙalla mutum 470 suka rasu. A Fabrairu 2006 wani jirgin fito da ya taso daga Duba ta Saudiyya zuwa Safagar dai ya kama wuta ya nutse da mutum fiye da 1,000. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, a can da nan duka.

Yanzu mu dawo gida. Mu da ke zaune a Jabi, kowa da garinsu. A cikin ɗakin nan akwai mutanen Yawuri, akwai na Gummi, akwai na Bagwai, akwai masu surukai a ƙasar Nufe. Ku tuna da waɗannan.

Ranar 26 ga Mayu 2021, jirgin da ya ɗauko mutane fiye da 150 daga Jihar Neja zuwa kasuwar Wara a Jihar Kebbi ya tarwatse a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano, jirgi ya kife da mutanen Badau masu zuwa Mauludi, aƙalla 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A Mayu 2023 yara 15 suka rasu a Dandeji ta Ƙaramar Hukumar Shagari, sun tafi neman itace. A Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi ta Jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. A Satumba 2024 aka yi na Gummi a Zamfara, manoma ne masu zuwa gona. Ranar 1 ga Oktoba 2024 kuma, jirgi ɗauke da mutum wajen 300, yawanci mata da yara, ya kife da dare a hanyar Gbajibo ta Ƙaramar Hukumar Mokwa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ku lura da wani abu, 'yan'uwa. Duk waɗannan lissafi da "wajen" da "aƙalla" da "fiye da" ake faɗinsu. Dalili kuwa shi ne babu wanda ya rubuta sunan ko mutum ɗaya kafin a tashi. Sai an bi gida-gida ana tambayar wa bai dawo ba. Sanadin kuma kusan iri ɗaya ne kullum: lodin mutane a kan buhuna da babura, tafiyar dare babu fitila, tsohon jirgin katako da ya sha faci, kututturen itatuwan da ruwa ya rufe, musamman a tafkin Kainji, sa'an nan babu rigar kariya ko ɗaya.

Ba mun zo zagin masu fito ba ne. Talakawa ne irinmu, mai ya yi tsada, in bai cika jirgi ba ba zai mai da kuɗinsa ba. Fasinja kuma ba don sha'awa ya shiga ba, wani wurin babu gada, wani wurin hanyar mota ta lalace, wani wurin kuma 'yan bindiga sun hana bin ta. Hukuma ma ba a ce ba ta yi komai ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12, aka fara daga Minna. Amma ku raba wannan adadi ga yawan mashigan da ke Kwara da Binuwai da gulbin Sakkwato da gulbin Kaduna, za ku ga da sauran aiki. Ma'aikacin hukuma kuma ba zai kwana a kowane bakin kogi ba.

Mun san wani zai ce kwana in ya ƙare ko da riga sai an tafi. Gaskiya ne, babu mai ja da ƙaddara. Malamanmu suna nan, su suka fi mu sani, amma tun muna yara suka koya mana cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Wanda ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu kowane dare bai kamata ya ce rigar kariya rashin imani ce ba.

Saboda haka ga abin da mu 9 ɗin nan muka zauna muka tsara, muna miƙa wa taro ya duba.

Na farko, mu fara da ƙofar gidanmu. Ga tafkin Jabi nan, ranar salla 'ya'yanmu can suke tururuwa hawa kwale-kwale. Kada yaro ya tafi sai da babba, kada kuma ya shiga jirgi sai an sa masa riga daidai jikinsa an ɗaure. Rigar manya a jikin yaro suɓulewa take yi da zarar ya faɗa ruwa. Muna roƙon shugabannin matasa su sa 'yan agaji su riƙa zagawa wurin a kwanakin salla.

Na biyu, duk mutanen garin da ke da mashigi su haɗa kai su sayi riguna, ko 20 ne a fara, har da na yara. Kada a aika da kuɗi, a aika da kaya. A danƙa su hannun Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi a gaban dagaci da liman, a rubuta sunan garin a jikin kowace riga don kada ta ɓulla a kasuwa. Mu da muka yi tafiyar nan mun amince mu buɗe wannan asusu daga aljihunmu yau ɗin nan, kafin a tashi.

Na uku, gwangwanin fenti ɗaya da littafi ɗaya. A zauna da masu fito, su da suka san jiragensu, a zana wa kowane jirgi layin lodi, a rubuta yawan mutanen da zai ɗauka da manyan lambobi yadda kowa zai gani. A sa yaro mai karatun boko ko na ajami a bakin ruwa ya riƙa rubuta sunan masu shiga. Wannan bai kai kuɗin goron ɗaurin aure ba.

Na huɗu, ya shafe mu kai tsaye. Sau da yawa mu 'yan birni ne ke ɗaukar nauyin biki da Mauludi da walima a gida. Duk wanda zai aika da kuɗin shinkafa da sa, ya ware kuɗin fito na sawu biyu ko uku, ya kuma sa sharaɗi a sallami baƙin tsallake tun da sauran rana, ko kuwa a ba su wurin kwana. Mata masu goyo a ba su sawunsu dabam, kada a cusa su tsakanin buhuna. In mai fito ya san an biya shi, ba shi da hujjar yin lodi.

Na biyar, muna roƙon malamanmu su sa wannan magana a wa'azi da huɗuba, nan da can gida, musamman daga watan Agusta zuwa Oktoba lokacin da koguna ke cika. Maganar da ta fito daga bakin liman ta fi ta allon gwamnati shiga kunne.

Ga masu tambaya ko muna ba da shawarar a je irin wannan yawo, amsarmu ita ce, wanda Allah ya hore wa, ya sauke nauyin iyali, babu bashi a kansa, ya je ya ga ikon Allah, tafiya mabuɗin ilmi ce. Ya tambayi abin da kuɗin tikiti ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, ya tabbatar da bizar ƙasashen da za a tsaya, ya kuma kiyaye lokaci, don jirgin ba motar tashar Jabi ba ce da za ta jira sai ta cika. Wanda kuma bai samu ba, babu abin da ya rasa na dole. Amma maganar riga da layin lodi da littafin suna ta hau kan kowa, wanda ya je da wanda bai je ba, domin kowannenmu yana da uwa ko ƙanwa ko ɗa da zai ƙetare ruwa kafin damina ta fita.

Sakatare yana da takarda a gabansa. Muna roƙon kowane gari ya ba da sunan mutum ɗaya da zai wakilce shi, a taro na gaba kuma kowa ya zo da yawan mashigan garinsu da yawan jiragen da ke fito a cikinsu, don mu san inda za mu fara.

Allah ya tsare mu da iyalanmu a tudu da ruwa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ƙara mana zumunci da zaman lafiya da masu masaukinmu.